Kalmar "snuggle": abin da take nufi da inda ake faɗinta

'Yan uwa ɗalibai, duk mai haɗa makarantarmu da ta boko a nan Ghana ya san halin Turanci. Akwai kalmar da za ka buɗe ƙamus ka samu fassararta nan take, akwai kuma wadda sai ka zauna ka yi ta juya ta. "Snuggle" tana cikin kashi na biyu. Tana yawan fitowa a littattafan labaran yara, kuma da malami ya tambayi ma'anarta sai a ce "runguma". Mai wannan amsa ya kusa, amma bai kai ba.

Ku tuna asubar hunturu a watan Janairu, musamman ku 'yan Tamale da Bawku. Ƙaramin yaro ya farka sanyi na ratsa shi, sai ya matso jikin uwarsa, ya ɗan yi mutsu-mutsu yana gyara kwanciya, ya cusa kai ƙarƙashin hannunta har ya samu wurin da ya yi masa daidai, sannan ya lafe. To, wannan duka shi ne "snuggle". Akwai matsowa a ciki, akwai neman ɗumi, akwai kuma jin daɗi da kwanciyar hankali. In ka cire jin daɗin, kalmar ta tashi daga aiki.

A ganina "lafewa" ce ta fi kusa da ita a Hausa, kamar a ce yaro ya lafe a jikin uwarsa. In kuwa da bargo ne, sai mu ce ya ƙudundune. Amma "raƙuɓewa" ba ta shiga nan, domin wanda ya raƙuɓe a jikin bango abin tausayi ne, tsoro ko sanyi ne ya kai shi. Irin wannan Turawa "huddle" suke ce masa, kamar yadda tumaki suke cunkushewa wuri ɗaya in ruwa ya sauko.

Runguma ta sosai ita ce "hug". Da hannu ake yin ta, yawanci a tsaye, kuma ba ta daɗewa: yayanka ya dawo daga tafiya, ka tare shi a tasha ka rungume shi. Akwai kuma "cuddle", wato ka riƙe mutum a jikinka ka daɗe kana rarrashi. Ga hanya mai sauƙi ta bambance su: uwa ce take "cuddle" ɗin jariri, shi kuma jaririn yana "snuggle" a jikinta. Ita ke riƙewa, shi ke neman wurin lafewa.

Asalin kalmar ma abin sha'awa ne. Daga "snug" ta fito, kuma wannan maganar matuƙan jirgin ruwa ce a Ingila wajen shekarun 1590. In sun ce jirgi ya zama "snug", suna nufin an ɗaure komai tamau, an shirya wa iska da hadari. Daga baya ma'anar ta sauko tudu, aka riƙa faɗinta ga ɗaki ƙarami mai ɗumi wanda sanyi ba ya shiga, da kuma tufafin da ya zauna wa mutum cif. "Snuggle" kanta sai wajen shekarun 1680 aka fara ganinta a rubuce. Wancan ɗan guntun "le" na ƙarshe yana nuna aikin da ake maimaitawa kaɗan-kaɗan, kusan kamar yadda mu muke ninka gaɓa mu ce taka, tattaka, ko yanka, yayyanka. Kun ga ke nan mutsu-mutsun nan na yaro yana cikin ginin kalmar tun farko. Haka "nestle" take, daga "nest" wato sheƙar tsuntsu. Ba mamaki mutanen da suke shafe watanni cikin sanyi mai tsanani su tara kalmomi haka a kan neman ɗumi.

Wajen amfani, ba kasafai take tafiya ita kaɗai ba. In jikin mutum aka matsa sai a ce "snuggle up to": "The baby snuggled up to her mother", jaririyar ta matso ta lafe a jikin uwarta. In gado ne, "snuggle down": "We snuggled down under the blanket", muka ƙudundune cikin bargo. Dabbobi ma suna yi, 'yan tsaki ƙarƙashin kaza, 'ya'yan kyanwa a jikin juna.

A kula da rubutu fa. Harafi ɗaya ne tsakanin "snuggle" da "smuggle", kuma ta biyun fasa-ƙwauri take nufi, irin wanda 'yan kwastan suke kama mutane da shi a Aflao da Paga. Ɗalibin da ya sa "m" a wurin "n" a jarrabawar BECE ya mai da jaririya 'yar fasa-ƙwauri, maki kuma ya tafi. Wajen furtawa, bakin Bahaushe yana son ya ce "sinagul", to a yi ƙoƙari a haɗa "s" da "n" ba wasali a tsakani. Harafin "u" na tsakiya kamar "a" gajere ake faɗinsa, "e" na ƙarshe kuma ba a furta shi.

Abu na ƙarshe, kalmar ta cikin gida ce. Tsakanin uwa da ɗa ake faɗinta, ko yara ƙanana, ko mata da miji, shi ya sa kuke jinta a finafinan soyayya. Ba a faɗa wa malami ko baƙo, ba a kuma sa ta a wasiƙar neman aiki. In kana son abokinka ya matso kusa a kan benci don a samu wuri, "move closer" ta ishe ka.