Ku Dubi Harafi Kafin Ku Dubi Lamba

A watan Maris ɗin bara wani dattijo mai ciwon sukari ya zo asibitinmu da kwalaben insulin ɗinsa uku a cikin ƙyalle. Sukarinsa ya hau, alhali bai taɓa tsallake allura ba. Da na tambaye shi inda yake ajiye maganin, sai ya ce ɗansa ya aiko masa da ƙaramin firji na ɗauka, irin mai aiki da batir ko hasken rana. Ranar da ya kunna shi, allon ya nuna 39. Ya tuna mun ce masa insulin yana son sanyi tsakanin 2 da 8, sai ya yi ta danna maɓalli har lambar ta sauko 4. Washegari ya tarar maganin ya daskare. Ya narkar da shi a tafin hannu, ya ci gaba da allura.

Baba bai yi sakaci ba. Abin da ba mu faɗa masa ba shi ne ma'aunin zafi iri biyu ne. Namu na nan, wanda muke auna zazzaɓi da shi, sunansa Salsiyos, alamarsa °C. Mutanen Amurka kuwa suna amfani da Farenhait, alamarsa °F. Wasu firjin da ake aikowa daga waje, da na gwanjo, suna zuwa a kan °F. Kamar sefa da naira ne: dubu a nan ba dubu ba ce a can.

Ruwa yana zama ƙanƙara a 0°C, wato 32°F. Jikin mai lafiya 37°C ne, wato 98.6°F. To 39 ɗin da Baba ya gani 39°F ne, kusan 4°C, daidai inda ake so. Amma 4°F da ya mayar ya kai kusan 16 ƙasa da sifiri a ma'auninmu. Yawancin waɗannan firjin suna iya kaiwa wannan sanyi, don an ƙera su su daskarar da nama ma.

Mutane suna tsoron zafi kawai, suna ganin sanyi ba ya ɓata komai. Ni a aikina, sanyin ya fi ba ni tsoro, don ɓarnarsa ba ta nunawa. Insulin da ya taɓa daskarewa ya lalace, ko ya narke ya koma kamar dā. Haka ma rigakafin tetanus da ake yi wa mata masu ciki, da na ciwon hanta, da allurar fenta ta jarirai. Uwa za ta yi tafiya mai nisa a ƙasa, a yi wa jaririnta allura, ta koma gida da kwanciyar hankali, alhali kariyar ba ta samu ba.

Saboda haka, idan kun tsaya gaban firji, ku nemi ƙaramin harafin da ke gefen lamba tukuna. In C ne, lambar ta zauna tsakanin 2 da 8. In F ne, tsakanin 36 da 46. Mafi kyau a saita shi a tsakiya, 5°C, wato 41°F. Ku rubuta waɗannan lambobi a takarda da manyan baƙaƙe, ku manna a murfin, don ba kullum mai karatu ne zai buɗe shi ba. Ku lura kuma da ɗan layin nan (-) a gaban lamba: -5 ƙanƙara ce, ba 5 ba ce.

Ga mai son lissafi: ku cire 32 daga lambar F, ku ninka sau 5, ku raba gida 9. Misali 50°F: cire 32, saura 18; sau 5, 90; gida 9, 10. Wato 10°C, ya yi ɗumi ga magani.

Wani lokaci harafin ya yi ƙanƙanta, ko allon ya dushe. Kafin ku sa magani, ku buɗe murfin ku bar firjin ya ɗauki zafin ɗaki, sannan ku kunna. Da rani, in ya nuna 30 ko 35, a kan C yake. In ya nuna 85 ko 95, F ne. Yawancinsu ana iya mayar da su kan C, amma maɓallin ya bambanta daga wani zuwa wani. Kada ku yi ta dannawa da magani a ciki. Ku kawo firjin da takardarsa ranar awo, mu duba tare.

Abu na ƙarshe: a wasu firjin, lambar da ke ƙyaftawa ita ce sanyin da kuka umarta, wadda ta tsaya cik ita ce ainihin sanyin ciki. Masu riƙe rigakafi a ƙauyuka su sa ma'auni na dabam a tsakiyar kaya, su karanta safe da yamma su rubuta. Kwalba kuma kada ta taɓa bangon firjin, nan ne sanyi ya fi tsanani.

Baba mun ba shi sabon insulin, muka mayar da firjinsa kan C, muka tsayar da shi a 5. Jikarsa ce take duba allon yanzu kafin ta tafi makaranta.