Yaron da aka haifa ba dubura: bayan tiyata fa?

A cikin jarirai kusan 5,000, ana samun ɗaya da ke zuwa duniya duburarsa a toshe, ko ƙofarta ta ɓulla inda bai dace ba. Misali, in an haife shi a Zugurma, sai an kai shi asibiti a Kontagora, daga nan a tura shi babban asibiti irin na Shika, Zariya. Galibi ana fara buɗa masa ƙofar bayan gida a fatar cikinsa, daga baya a gyara duburar da salon tiyatar da likita Alberto Peña ya bayyana a 1982.

Iyaye kan ɗauka shi ke nan. Ina! Riƙe bayan gida ya dogara ne ga tsokar wurin, jijiyoyinta da lafiyar ƙashin gindin baya. Wanda hanjinsa ya sauko kusa da fata ya fi samun sa'a.

Sau da yawa ɓata wando daga taurin bayan gida yake: kashi ya cushe, mai ruwa ya zurara ta gefe. Duka ba ya maganinsa. Wankin hanji kullum bisa umarnin likita kan sa yaro ya wuni a makaranta tsaf.