Ƙudan tsando: Riba da haɗarin shafe wata halitta daga doron ƙasa

Ga makiyayin da ke kiwo a bakin kogin Kontagora ko kusa da dajin Zugurma a Jihar Neja, ƙudan tsando maƙiyi ne. Cizonsa ke sa wa shanu sammore, cutar da ke ramar da saniya, ta rage nononta, ta karya darajarta a kasuwa irin ta Mariga. Shi ne kuma ke yaɗa ciwon barci ga mutane.

Saboda haka ne shugabannin Afirka suka amince, a taronsu na Lome a shekarar 2000, da a ƙaddamar da yaƙin kawar da ƙudan daga nahiyar. Sai dai tarihin wannan yaƙi ya nuna cewa hanyar da aka bi tana iya yin ɓarnar da ba a yi tsammani ba.

A ƙarshen shekarun 1930, gwamnatin mulkin mallaka ta fara shirin Anchau a lardin Zazzau, inda ciwon barci ya addabi jama'a. An sare kurmin bakin rafuka, wurin da ƙudan ke samun inuwa da laima, aka kuma tayar da ƙauyuka, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Cutar ta ragu, amma an yi asarar itatuwa masu yawa. A ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau kuwa, namun daji aka riƙa harbewa, dubban ɗaruruwa, domin a hana ƙudan jinin da yake sha.

Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa ƙarshen 1970, Arewacin Najeriya ta koma ga feshin DDT da dieldrin. An tsarkake fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 200,000, makiyaya da manoma suka samu sabuwar ƙasa. Amma masu bincike daga Holand da suka bi sawun feshin sun tarar da tsuntsaye da wasu halittu da gubar ta kashe. A 2001, Yarjejeniyar Stockholm ta haramta dieldrin, ta kuma taƙaita amfani da DDT, domin sukan daɗe a cikin ƙasa da jikin dabbobi.

Daga baya an samo hanya mafi sauƙin illa. Ana kiwon mazan ƙudan, a haska musu wani haske da ke hana su haihuwa, sannan a sake su cikin daji. Tamatar ƙudan tsando tsutsa ɗaya tak take haifa duk bayan kwana tara zuwa goma, don haka idan ta sadu da irin waɗannan maza, zuri'ar takan ƙare da sauri. Da wannan dabara aka raba tsibirin Unguja na Zanzibar da ƙudan a 1997. An gwada ta a yankin Lafiya a shekarun 1980, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500, amma da aikin ya tsaya, ƙudan ya sake shigowa daga dazuzzukan makwabta.

Ko da hanyar ba ta da guba, akwai sauran muhawara. Masu kare muhalli na cewa ƙudan ne ya daɗe yana hana garken shanu da gatari shiga wasu dazuzzuka, kuma idan ya gushe, sare itatuwa da noma kan biyo baya, namun daji su rasa mafaka. Wannan ya shafi Zugurma, wanda wani ɓangare ne na Gandun Dajin Tafkin Kainji. Wasu kuma na tambayar ko ɗan Adam na da ikon shafe halittar da ba zai iya dawo da ita ba. Masu goyon bayan yaƙin na amsawa da cewa bai dace a bar talaka da cuta da asarar dukiya da sunan kare daji ba.

Akwai nau'in ƙudan tsando kusan 30, kuma ba dukkansu ke da babbar illa ga mutane da shanu ba. Kawar da nau'i ɗaya daga yanki ɗaya ya bambanta da shafe jinsin baki ɗaya. Ga Cibiyar Binciken Cutar Sammore ta Najeriya da ke Kaduna da sauran hukumomi, abin dubawa kafin a fara aiki shi ne wane nau'i za a kawar, da wace hanya, wa zai hana shi dawowa, da kuma yadda za a tsara kiwo da noma a filin da aka tsarkake, don kada garin neman gira a rasa ido.