Baƙo a Tsibirin Pemba: Yadda Mai Aikin Sa-kai Yake Tafiyar da Yininsa

Ƙungiyoyin jinƙai da dama sukan tura malamai da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen da ba nasu ba, domin su yi aikin sa-kai na shekara ɗaya ko biyu. Masu ba da gudunmawa sukan ga hotuna da alƙaluma a rahoto, amma da wuya su san yadda yinin irin wannan baƙo yake gudana, alhali a cikin yinin nan ne ake cin riba ko a yi asarar dukiyar da suka bayar. Tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya misali ne mai kyau.

Pemba na cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 50 daga gaɓar Afirka ta Gabas, kuma yanki ne na Zanzibar. Larabawa sun kira shi Koren Tsibiri saboda ni'imarsa. Ƙidayar 2022 ta nuna mazaunansa sun haura rabin miliyan, kusan dukkansu Musulmi masu magana da Swahili. Manyan garuruwansa uku ne: Chake Chake, Wete da Mkoani. Sauran jama'a suna ƙauyuka da ƙananan tsibirai irin su Kojani da Fundo, suna rayuwa da su da noman kanumfari, shinkafa, rogo da kwakwa.

Darasi na farko da baƙo yake koya shi ne lokaci ba a hannunsa yake ba. Mutanen Swahili suna fara ƙirga sa'o'i daga fitowar rana, don haka ƙarfe bakwai na safe ita ce "sa'a ta ɗaya" a wurinsu. Wanda aka gayyata taro a "sa'a ta huɗu" ana jiransa ne ƙarfe goma. Sannan akwai agogon teku. Ruwa yakan cika ya janye sau biyu a yini, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Idan ya janye, kwalekwale yakan zauna a taɓo, mai zuwa ƙaramin tsibiri dole ya jira. Matan da suke noman ciyawar teku, sana'ar da ta kafu a Zanzibar tun 1989, sun fi shiga gonakinsu a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa, lokacin da ruwa yake janyewa sosai. Ma'aikaciyar jinyar da ta sa ranar awon ciki a waɗannan kwanaki za ta wuni ita kaɗai.

Shekara ma da nata tsari. Daminar da suke kira masika, daga Maris zuwa Mayu, takan ɓata hanyoyin ƙauye. Lokacin tsinkar kanumfari gidaje sukan koma gona, a shimfiɗa shi kan tabarmi a bakin hanya yana bushewa. Masuntan Kojani kuwa sukan tafi su na watanni a wasu gaɓoɓi. Duk shirin da bai yi la'akari da waɗannan ba, a takarda kawai zai tsaya.

Rayuwar gida mai sauƙi ce. An haɗa Pemba da wutar lantarki ta babbar ƙasa a 2010 ta wayar da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku daga yankin Tanga, amma ba kowane gidan ƙauye ta isa ba. Baƙo yakan tashi da kiran sallar asuba, ya ɗebi ruwa, ya shiga daladala, wato motar haya, ko ya hau keke zuwa makaranta ko ɗakin shan magani. Abincinsa shi ne na masu masaukinsa: shinkafa da ruwan kwakwa, rogo, ayaba da kifi. Yana kwana cikin gidan sauro, yana kuma guje wa wanka a tafkuna da rafuka, domin tsargiya ta daɗe a tsibirin, kuma dodon koɗin da yake ɗauke da ƙwayarta a ruwan daɗi yake zama.

Abu mafi nauyi shi ne samun yarda. Kafin ya fara komai sai ya gabatar da kansa ga sheha, wanda matsayinsa ya yi kama da na mai unguwa. Yana cewa "hodi" a ƙofar gida, ya jira a ce "karibu". Yana gaida dattijo da "shikamoo", a amsa masa da "marahaba". Ana sa ran ya suturta jikinsa, ya halarci jana'iza da ɗaurin aure, kuma ko ba Musulmi ba ne ya kiyaye ci a fili da rana cikin Ramadan. Watannin farko sukan tafi ne a koyon harshe da gaishe-gaishe, tare da kaɗaici da kewar gida. Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Shi ne harsashin aikin.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mai aikin sa-kai zai tafi, malamin ƙauyen da unguwarzomar za su zauna. Saboda haka, idan aka nemi ku ɗauki nauyin irin wannan baƙo, a Pemba ne ko a wani tsibiri, ya kamata ku yi tambayoyi uku. Mutanen wurin ne suka nemi shi? An ware masa lokaci da kuɗin koyon harshensu? Wane ɗan gari ne zai yi aiki tare da shi kullum, har ya gaji aikin? Inda aka samu amsa mai gamsarwa, amfanin gudunmawarku zai wanzu bayan jirgin da ya kawo baƙon ya mayar da shi gida. Allah Ya sa mu dace.