Ma'aunin Ruwan Tsiro da Taurin Kan Dawa

Lemun malt irin su Maltina da Malta Guinness asalinsa ruwan tsiro ne: hatsi ake jiƙawa har ya tsira, a busar, a niƙa, a dama da ruwan zafi har sitacinsa ya koma sukari. A wannan mataki babu barasa a ciki, sai an zuba yis ya cinye sukarin sannan giya ke samuwa. Shi ya sa mai kamfanin lemu da Ba'amurken da ke dafa giyarsa a gida, abin da dokar ƙasarsu ta halatta tun 1978, tambayarsu ɗaya ce kafin kowa ya kama hanyarsa: sukari nawa hatsin nan ya saki?

Harshe ba ya iya ba da amsa. Wani ɗan bututun gilashi ne mai dalma a gindi ake tsomawa a ruwan. In ruwa ne zalla, sai ya nutse har layin 1.000. Gwargwadon sukarin da ya narke, gwargwadon yadda ruwan zai yi nauyi ya ɗago bututun sama, har a karanta 1.040 ko 1.050. John Richardson ne ya yaɗa amfani da shi tsakanin masu sana'ar a Ingila a 1784. A 1843 Karl Balling ya tsara jadawalinsa a birnin Prague, daga baya Fritz Plato ya gyara shi a Jamus. Ɗigo ɗaya na Plato na nufin giram 1 na sukari cikin giram 100 na ruwan tsiro, don haka 1.048 ya kama kusan ɗigo 12. Gwamnati ma ba ta bari ya wuce ta ba: a 1880 Birtaniya ta soke harajin tsiro, ta ɗora shi kan nauyin ruwan.

Lissafin ba wuya. Kilo ɗaya na tsiron sha'ir mai kyau, in an tatse shi tas, yana ba da maki kusan 300 a lita ɗaya. Kilo 5 ke nan maki 1,500. A raba su cikin lita 25, iyakar abin da za a samu shi ne maki 60, wato 1.060. In ma'auni ya nuna 1.045, an samu 45 cikin 60, wato kashi 75 cikin 100, sauran ya tafi da dusa. Sai dai fa a bar ruwan ya huce zuwa digiri 20, domin ruwan zafi ba ya ɗaga bututun sosai, sai mutum ya zargi hatsinsa a banza.

Inda maganar ta shafe mu shi ne 1988, lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir. Dole kamfanoni suka juyo kan dawar Arewa, ciki har da SK5912, gajeriyar ƙaura da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar. Nan ma'auni ya tona asirin dawa. Sitacin sha'ir yana laushi a wajen digiri 60 zuwa 65, daidai zafin da sinadaran tsiro ke aikin mayar da shi sukari. Na dawa kuwa sai an kai 70 ko fiye, kuma a wannan zafi sinadarin da ya fi samar da zaƙi ya riga ya mutu, ga shi dama tsiron dawa ba shi da shi da yawa. A dama dawa yadda ake dama sha'ir, sai bututu ya nutse, sukari ya maƙale a dusa.

Abin da ya fi burge ni shi ne matanmu sun daɗe da warware wannan matsala ba tare da gilashi ba. Mai kunun zaƙi tana raba ƙullu biyu, ta sheƙa wa kashi ɗaya tafasasshen ruwa ya nuna, ta bari ya ɗan sha iska, sannan ta zuba ɗanyen da ke da tsiro ko dankalin Hausa. Kafin gari ya waye kunu ya tsinke ya yi zaƙi. Kamfanoni ma kusan haka suke yi: a dafa sitacin daban, sannan a haɗa shi da sinadaran, ko na tsiron ko na saye.

Manomin dawa da ke son kasuwar kamfani ya sani cewa mai sayen nan ba cikar buhu yake lissafi ba, sukarin da kowane kilo zai bayar yake lissafi. Hatsin da ya sha danshi ko ƙwari suka ci ba ya tsira daidai, kuma ma'auni zai nuna hakan tun a tukunyar farko.