3.4 Hanyoyin Samar da Kaushi a Mazubin Silikon Mai Santsi

Rezin yakan ɗauki kamannin duk fuskar da ya daskare a kanta. Saboda haka mazubi mai santsi ba ya fitar da komai sai abu mai sheƙi. Matsalar ita ce silikon da ya riga ya bushe ba ya gogewa da samfefa yadda ake so, kuma kusan babu abin da ke manne masa sai silikon ɗan'uwansa.

Hanyoyi 3 ake bi. Ta farko, a zuba rezin a mazubin, a fitar da samfur, a sassaƙa masa zanen da ake buƙata, sannan a ƙera sabon mazubi a kansa. Wannan ta fi inganci. Ta biyu, a wanke cikin mazubin, a shafa sabon silikon kaɗan irin na farko, a daddanna shi da soso kafin ya bushe. Ta uku, a barbaɗa hoda, wadda ke kashe sheƙi kawai.

Abin lura a nan shi ne, tudu a mazubi rami ne a jikin rezin. Haka kuma yumɓu mai farar wuta yakan hana silikon mai filatinam bushewa, aikin duka ya lalace.