KADUNA: GARIN DA KOGI DA JIRGI DA MASAƘA SUKA RAINA

Garin Kaduna ba shi da ganuwa ko tsohuwar fada irin ta Zazzau ko Kano. Gwarawa ne ke zaune a wurin tun asali, a bakin kogin da aka ce yawan kadojinsa ne ya jawo masa wannan suna. Saboda wadatar ruwa da hanyar jirgin ƙasa ta Ikko zuwa Kano, Gwamna Lugga ya zaɓi wurin, aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. A 1927 kuma hanyar jirgi ta Fatakwal ta iso, garin ya zama mahaɗa.

Amma abin da ya cika kudancin garin da jama'a shi ne masaƙu. A 1957, zamanin Firimiya Sa Ahmadu Bello, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, daga baya United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo. Audugar Funtuwa da Zariya ita ce abincinsu. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga ko'ina cikin ƙasa, unguwanni irin su Kakuri da Makera da Tudun Wada da Unguwar Sanusi suka bunƙasa. Musulmi da Kirista suna aiki a gindin inji ɗaya, Hausa ce harshen da ke haɗa su.

Daga baya ƙarancin wutar lantarki da shigowar atamfofin waje masu araha suka durƙusar da masaƙun. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, dubban magidanta suka rasa abin yi. Tarzomar 2000 da ta 2002 kuwa ta sa mutane ƙaura, har kogin da ya kafa garin ya koma kamar iyaka tsakanin mazaunansa.

Ba Kaduna kaɗai ce irin wannan ta taɓa samu ba. Birnin Lodz na ƙasar Polan, wanda shi ma saƙa ce ta gina shi, ya ga rufewar masaƙunsa bayan 1989. Mutanensa ba su bar gine-ginen sun zama kufai ba, a 2006 suka mai da wata babbar masaƙa kasuwa da gidan tarihi.

Ya kamata hukuma da attajirai su dubi masaƙun Kakuri da idon basira, ko a tashe su, ko a ba su wani amfani. Wurin da ya haɗa jama'a jiya yana iya sāke haɗa su gobe.